Kowane Yaro Da Lomarsa: Yadda Kirista Ke Koyar Da 'Ya'yansu Littafi Mai Tsarki

  

A shirinmu na yau za mu leƙa gidan maƙwabta ne. Da yawa daga cikinmu mukan jiyo waƙe-waƙe daga coci ranar Lahadi da safe, ko mu ji yaranmu na ba da labarin abokan karatunsu Kirista, amma ba mu san abin da ake koya wa waɗancan yaran ba, balle yadda ake koya musu. Tun bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da dama suka rabu, Musulmi gefe guda, Kirista gefe guda. Matar da a da take aika ɗanta da tuwon Sallah gidan maƙwabciyarta, ita kuma a aiko mata da shinkafar Kirsimeti, yau sai ta shekara ba ta yi hira da Kirista ko ɗaya ba. Ga shi kuwa 'ya'yanmu da nasu suna haɗuwa a aji ɗaya da layin asibiti ɗaya, gobe kuma za su haɗu a wurin aiki. Idan uwa ba ta san komai game da maƙwabcinta ba sai jita-jita, to jita-jitar za ta shayar da ɗanta. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, littafin ɗaya ne, amma ba loma ɗaya ake ba kowane yaro ba. Ke da kanki kin san jariri da nono yake farawa, sannan kunu, sannan a kai ga tuwo. Wadda ta ɗura wa ɗan wata uku tuwon dawa ba ta yi masa gata ba. Shi kansa littafin nasu ya kawo wannan kwatanci na madara da abinci mai tauri a cikin wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 3, kuma a kan wannan tunani malamansu suka tsara koyarwar yara.

Wane irin littafi ne?

Littafi Mai Tsarki, wanda wasu ke kira Baibul, tarin littattafai ne da aka haɗa a bango ɗaya. A wurin yawancin coci-coci guda 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, surorinsu gaba ɗaya 1,189. 'Yan Katolika kuwa nasu 73 ne, domin akwai ƙarin littattafai bakwai da suke karɓa. A ciki akwai tarihi, akwai dokoki, akwai waƙoƙin yabo da addu'o'i wato Zabura, akwai Karin Magana, akwai Bishara huɗu da ke ba da labarin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, sannan akwai wasiƙun manzanni. A cikin tarihin nan akwai yaƙe-yaƙe da kisan kai da cin amana da zancen maza da mata a fili. Kin ga ke nan ba littafin da za a miƙa wa ɗan shekara biyar a ce ya fara daga bangon farko ba ne. Dole a zaɓa masa.

An buga cikakken littafin da Hausa a shekarar 1932. Babban jigo a aikin fassarar shi ne Dokta Walter Miller, Baturen mishan da ya daɗe a Zariya, wanda mishan ɗinsu daga baya ta koma Wusasa. Bayan kusan shekara 50 aka fito da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa. Wannan ya sa Hausa ta zama harshen ibada a coci-coci da yawa na Arewa, irin su ECWA da COCIN da EYN, har a wurin waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne, kamar Birom da Angas da Tangale da Bura. Akwai kuma Hausawa Kirista na asali a Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina, da wajejen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Saboda haka yaro Kirista a nan Arewa sau da yawa da Hausa yake fara jin labaran littafinsa.

Makarantar Lahadi

Wurin da aka fi yin wannan koyarwa shi ne Makarantar Lahadi. Yara kan taru kafin ibadar manya ko a lokacin da ake yin ta, a raba su aji-aji bisa shekaru, wani aji a ɗaki, wani a baranda, wani a gindin bishiya. Yawancin malaman ba albashi ake biyan su ba, kuma mata suna da yawa a cikinsu.

Asalin yaɗuwar wannan makaranta daga Ingila ne. A shekarar 1780 wani mai gidan jarida a garin Gulosta, mai suna Robert Raikes, ya lura da yaran talakawa da ke aiki a masana'antu kwana shida a mako, ranar Lahadi kuma su cika titi da faɗa da ashar. Sai ya nemi wasu mata ya riƙa biyan kowace sule ɗaya a ranar, su tara yaran a cikin gidajensu suna koya musu karatu, littafin karatun kuwa shi ne Baibul. Ki lura, 'yar uwa, a cikin gida aka fara abin, kuma a hannun mata. Cikin 'yan shekaru ya bazu a Ingila, daga nan 'yan mishan suka kai shi ƙasashe da dama, har da namu.

To bari mu bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Domin abin ya fito sarai, zan ɗauki labari guda da kusan kowa ya sani, wato labarin Yusufu ɗan Yakubu, mu ga yadda ake ba da shi a kowane mataki. Yana cikin littafin Farawa daga sura ta 37 zuwa ta 50. Mai sauraro Musulma za ta ji wasu wurare sun yi kama da ƙissar da ta sani, wasu kuma sun bambanta. Ni dai yadda yake a littafin Kirista nake kawo miki.

Daga shekara 3 zuwa 6: labari da waƙa

Yaro a wannan mataki bai iya karatu ba, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya sai na 'yan mintoci. Abin da ya gani da ido, ko ya taɓa da hannu, ko ya rera da baki, shi ke zama a kansa. Don haka malama ba ta buɗe littafi ta yi ta karanto musu. Labari take bayarwa kamar tatsuniya, da sauya murya da kwaikwayo, wani lokaci da hotunan da ake mannawa a jikin allo. Labaran da aka fi zaɓa su ne halittar duniya, Nuhu da jirginsa da dabbobi biyu-biyu, jariri Musa a cikin kwando a bakin kogi, Yunusa a cikin kifi, haihuwar Yesu, da makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata.

Idan an zo kan Yusufu, abin da za a faɗa wa ɗan shekara huɗu bai wuce wannan ba: mahaifinsa ya ɗinka masa riga mai kyau, yayyensa suka ji haushi suka yi masa mugunta, Allah bai rabu da shi ba, da ya girma ya zama babban mutum sai ya yafe musu ya ba su abinci. Shi ke nan. Za a iya ba yara takarda su shafa wa rigar launi, a yi waƙa da tafi, a tashi. Darasin guda ɗaya ne tak, kuma a kan abin da yaron ya sani a gida aka ɗora shi, domin babu ɗan shekara huɗu da bai san kishin ƙane ko wa ba.

Wasu mata biyu a birnin Rum na ƙasar Italiya, Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi, sun fara wani tsari na koyar da ƙananan yara a shekarar 1954. Sun shafe shekaru suna lura da irin labarin da ke kama zuciyar ɗan shekara uku zuwa shida, sai suka ga misalin makiyayi mai kyau, wanda ya san kowace tunkiya da sunanta, shi yara suka fi komawa kansa. Har tsarin nasu ya ɗauki sunan wannan makiyayi. Abin da suka fahimta shi ne, ƙaramin yaro ya fi buƙatar ya ji cewa an san shi kuma ana kula da shi, kafin a zo maganar doka da hukunci. Shi ya sa ƙwararrun malamai ba sa fara wa wannan aji da zancen wuta da azaba. Yaron da aka tsorata a wannan shekarun, da dare zai kasa barci, kuma zai haɗa sunan Allah da fargaba kawai.

Daga shekara 7 zuwa 11: karatu da hadda

A nan yaro ya fara karatu da kansa, kuma ƙwaƙwalwarsa na kama abu kamar danƙo. Wannan shi ne lokacin hadda. Kowace Lahadi ana ba da ayar haddacewa guda, mako mai zuwa kowa ya tashi ya kawo ta da sunan littafi da lambar sura da ta aya. Ana haddace sunayen littattafan nan 66 a jere, sau da yawa da waƙa, domin yaro ya iya buɗo wurin da aka ambata ba tare da lalube ba. Akan yi ma gasa: malami ya kira sura da aya, wanda ya riga buɗowa ya miƙe ya karanta. Ana haddace Dokoki Goma, da Addu'ar Ubangiji, da Zabura ta 23 mai ayoyi shida, wadda da wuya ki sami Kirista da ya tashi a coci bai iya ta ba. Lokacin Kirsimeti da Ista kuma wannan aji ne ke yin wasan kwaikwayo da karatun hadda a gaban iyaye.

Yusufu a wannan aji ya ƙara faɗi. Yanzu ana bin labarin daki-daki: mafarkai biyu da ya yi, jefa shi a rijiya, sayar da shi a kan azurfa 20, zamansa a Masar, mafarkin Fir'auna na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, da yadda ya tara hatsi a rumbuna. Yaran wannan shekarun suna son lissafi da tsari, suna kuma da zafin son adalci. Za ki ji suna cewa, "Malama, me ya sa ba a hukunta yayyen ba?" Malama mai basira ba ta kashe wannan tambaya, da ita take shiga zancen yafiya. Sashen matar maigidansa kuwa, a taƙaice ake wucewa: an yi masa ƙarya, aka kulle shi ba da laifinsa ba. Sauran bayanin an ajiye shi sai gaba.

A cocin Katolika wannan mataki yana da muhimmanci na musamman. A shekarar 1910 Fafaroma Pius na 10 ya ba da umarni cewa yaro zai iya fara karɓar jibi, wato gurasar da suke karɓa a ibada, tun yana wajen shekara bakwai, lokacin da ake ganin ya fara rarrabe daidai da kuskure. Kafin ranar sai ya yi ajin katikizim, wanda koyarwa ce ta tambaya da amsa. Wannan salo na tambaya da amsa ya daɗe. A shekarar 1529 Martin Luther na ƙasar Jamus ya zagaya ƙauyuka ya tarar mutane da yawa ba su san ko Dokoki Goma ba, sai ya rubuta ƙaramin katikizim, ya tsara shi yadda maigida zai iya koyar da iyalinsa a gida. Har yau mabiyansa na amfani da shi, ciki har da cocin LCCN mai cibiya a Numan ta Jihar Adamawa.

Sai dai akwai tarko a wannan mataki, kuma su kansu malaman sun san da shi. Yaro zai iya kawo aya 50 ba tuntuɓe, a yi masa tafi a ba shi kyauta, amma idan kika ce ya faɗi ma'anar guda ɗaya da bakinsa sai ya yi shiru. Wani malamin jami'a a Ingila, Ronald Goldman, ya yi hira da yara 200 masu shekaru daban-daban a kan labarai uku na Baibul, ciki har da na Musa da kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba, ya fitar da sakamakon a 1964. Ya gano cewa kafin wajen shekara 13 yawancin yara na ɗaukar komai a zahirinsa, ba sa kaiwa ga ma'anar da ke ƙarƙashi. Ya ba da shawarar a rage ɗora wa ƙanana sassan da suka fi ƙarfinsu. Wasu masana sun yi masa raddi, suka ce yara sun fi yadda ya zata fahimta idan an iya ba su labari. Amma muhawarar ta bar amfani guda: malamai da yawa suka koyi cewa bayan hadda sai a tambayi yaro, "To me ka gane?"

Daga shekara 12 zuwa 18: tambaya da zaɓi

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma duk uwar da ke da saurayi ko budurwa a gida ta san dalili. Jiki na canzawa, abokai sun fi iyaye shiga kunne, ga wayar hannu da ke kawo masa maganar kowa daga ko'ina. Yaron da jiya yake karɓar duk abin da aka faɗa, yau cewa yake, "Wa ya ce? Ina hujja?" Idan aka ci gaba da ba shi labarin Nuhu da dabbobi da murya irin ta 'yan shekara biyar, sai ya ɗauka addinin kansa na yara ne, ya fara zillewa.

Saboda haka salon koyarwa kan juya daga ba da labari zuwa tattaunawa. Matasa kan zauna a da'ira kowa da littafinsa, a karanta sashe guda, a yi tambayoyi uku: me wurin ya ce, me yake nufi, me ya shafe ni da shi? Akan fara karanta littafi guda daga farko har ƙarshe, sau da yawa Bisharar Markus, domin ita ce mafi gajarta, surori 16. Wasu kan bi Karin Magana mai surori 31, sura ɗaya kowace rana har wata ya ƙare. Malamai kan kafa hujja da Bisharar Luka sura ta 2, inda aka ba da labarin Yesu yana ɗan shekara 12, iyayensa suka neme shi kwana uku, suka same shi zaune a tsakiyar malamai yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi. Suna cewa idan haka ne, tambayar matashi ba rashin kunya ba ce. Mu ma dai mun ce matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ne ake buɗe sashen labarin Yusufu da aka rufe a baya. Littafin ya ce yana da shekara 17 lokacin da abin ya fara, wato sa'an waɗanda ke zaune a ajin ne. Yana baƙon ƙasa, ba uwa ba uba, ba mai ganin sa, matar maigidansa Fotifar ta yi ta neman sa, ya ƙi, ya gudu ya bar rigarsa a hannunta, kuma sakamakon da ya fara samu shi ne kurkuku. Sai da ya kai shekara 30 kafin ya tsaya a gaban Fir'auna. Malami zai tambayi matasa: shekara 13 ke nan tsakanin rijiya da fada, me ke riƙe mutum a irin wannan tsawon lokaci? Idan kin ƙi abin da malami ko mai kuɗi ya nema a wurinki, aka kayar da ke a jarrabawa ko aka kore ki daga aiki, riƙon gaskiyar ya yi amfani? Kin ga labarin bai canza ba tun daga ajin 'yan shekara huɗu. Abin da aka ciro daga cikinsa ne ya girma tare da yaron.

A wannan mataki ne kuma ake zurfafa bayanin aƙidar da Kirista suka tsaya a kai, wato imaninsu cewa Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Nan ne babban bambancinsu da Musulmi, kuma matashin da ke zaune a gari irin Kaduna ko Bauci ko Yola ya san abokansa za su tambaye shi. Malamin kirki yakan koya masa ya faɗi abin da ya gaskata ba tare da zagin na wani ba.

Mataki ne kuma na zaɓi. Coci-cocin da ke yi wa jarirai baftisma, kamar Katolika da Angilika da mabiya Luther, suna da abin da ake kira tabbatarwa, inda yaron da ya yi hankali zai yi aji na watanni sannan ya tsaya a gaban jama'a ya amince da bakinsa da alkawarin da aka ɗaukar masa yana jariri. Su kuwa irin ECWA da Baftis da EYN ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya girma ya nema da kansa, ya yi ajin baftisma, a yi masa tambayoyi, sannan a nutsar da shi a ruwa. Hanyoyin sun bambanta, amma dukansu sun yarda cewa akwai ranar da addinin gado zai zama na mutum da kansa, ko kuma ya kasa zama.

Domin riƙe matasa a wannan tsakani aka kafa ƙungiyoyi. A shekarar 1883 wani malamin Makarantar Lahadi a birnin Gilasgo, William Alexander Smith, ya rasa yadda zai yi da manyan yara maza da suka gagari aji. Da yake shi sojan sa-kai ne, sai ya haɗa musu fareti da kayan sarki da nazarin Baibul, ya kira ƙungiyar Boys' Brigade. Su ne yaran da kike jin gangunansu da begilarsu suna maci a titi, kuma akwai takwararta ta 'yan mata. A makarantun sakandare na Arewa kuma akwai ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri ta Jihar Filato a 1957. Ban da wannan, darasin addinin Kirista na cikin darussan da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, kamar yadda na addinin Musulunci yake.

Ina matsayin uwa?

Duk wannan da na lissafa, idan kika auna, awa ɗaya ne ko biyu a mako. Sauran kwanakin yaro na gida. Shi ya sa fastoci ke yawan nanata cewa Makarantar Lahadi taimako ce kawai, ainihin makarantar ita ce gida. Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 6 ya ɗora wa iyaye nauyin koyar da 'ya'yansu a zaune da tafe, da lokacin kwanciya da na tashi. A wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga almajirinsa Timoti kuma, ya yaba bangaskiyar da saurayin ya gada daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Idan kin taɓa jin mace mai suna Afiniki, to daga nan sunan ya fito.

A gidajen Kirista da yawa akwai ibadar iyali da asuba ko kafin barci. A yi waƙa ɗaya, wani yaro ya karanta 'yan ayoyi, uba ko uwa ta yi ɗan bayani, a yi addu'a. Gidan da ke da yara masu shekaru daban-daban yakan raba aikin: ƙarami ya zaɓi waƙa, na tsakiya ya yi karatu, babba ya faɗi abin da ya fahimta. Ƙungiyar Zumuntar Mata, waɗanda kike gani da zane iri ɗaya suna waƙa da kiɗan tulu, ita ma makaranta ce ta iyaye mata. Mata da yawa da ba su taɓa shiga aji ba a nan suka koyi karatun Hausa domin su iya karanta littafin da kansu, su kuma koya wa 'ya'yansu.

Malaman nasu kan yi kuka da kurakurai guda uku da iyaye ke yi. Na farko, gaggawa: a matsa wa ƙaramin yaro da abin da ya fi ƙarfinsa, a haɗa da bulala, har ya tsani littafin. Na biyu, akasin haka: a bar matashi da abincin jarirai, ya zo da tambaya mai nauyi a ce masa ya rufe baki, sai ya kai tambayar wurin wanda zai amsa masa a waya, ko wane ne shi. Na uku shi ne wanda ya fi ciwo, wato yaro ya haddace ayar gaskiya da safe, da rana ya ji uwarsa ta ce a gaya wa mai bin bashi ba ta nan. A kowane shekaru yaro ya fi karanta iyayensa a kan kowane littafi.

To 'yar uwa, ko da wane addini kike bi, ina jin kin tsinci abin da ya yi kama da gidanki a cikin wannan bayani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfin tsiya karya shi zai yi. Ki dubi 'ya'yanki ɗaya bayan ɗaya a daren yau, ki tambayi kanki: wannan labari yake buƙata, ko hadda, ko kuwa ya kai lokacin da zan zauna in saurari tambayarsa? Idan kuma akwai yarinya Kirista da ke taya ki aiki, ko ɗan maƙwabta da ke shigowa wasa da naki, yanzu kin san inda suke zuwa ranar Lahadi da abin da ake koya musu. Kina iya tambayar ta ayar da aka ba su a wannan makon. Za ki ga yadda fuskarta za ta saki.

A nan za mu dakata saboda lokaci. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a daidai wannan lokaci. A gaida maigida da yara. Ku huta lafiya.